Hutun Iyali: Me Muke Nema A Dubai Cikin Watan Agusta?

Da zarar makarantu sun rufe domin dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, sai ka tarar ofisoshin masu sayar da tikitin jirgi a Kano da Kaduna da Abuja sun cika da magidanta, kowa riƙe da fasfo biyar ko shida, kuma idan ka tambayi inda aka nufa, amsar da za ka fi ji ita ce Dubai. Ba ni da ja da mutum ya fita da iyalinsa su ga duniya, domin masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma likita ko malamin jami'a ko ma'aikacin banki da ya shekara yana fita da sassafe yana dawowa bayan isha'i, ya cancanci ya samu mako biyu tare da 'ya'yansa ba tare da wayar ofis tana damunsa ba. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muke zaɓen wurin zuwa, domin a ganina da yawanmu maƙwabci ne yake zaɓa mana, ba tare da shi kansa ya sani ba.

Ya kamata mu fara tambayar kanmu daga ina wannan al'ada ta neman ƙasa mai rana ta samo asali. Ta Turawa ce, kuma su suna da hujja. Mutumin Landan yana yin watanni cikin hazo da yayyafi, hasken ranar da yake samu a shekara bai fi kusan rabin wanda Bakano yake samu ba, saboda haka idan ya tara kuɗinsa ya tafi Sifen ko Girka ya kwanta a bakin teku, magani ya je nema. To mu fa? Mutumin da ya sha zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'aunin zafi yake haura digiri 40 kamar wasa, wace rana ce ya rasa da zai biya miliyoyin naira ya je nema? Abin da ya fi ban mamaki shi ne, Yuli da Agusta su ne watannin da ƙasarmu ta fi daɗin zama: damina ta kankama, gari ya yi kore, ƙura ta kwanta, ana barci ba fanka. A daidai wannan lokaci ne muke kwashe yara mu kai su cikin tanda.

Ba ƙari na yi ba da na ce tanda. A watan Agusta zafin Dubai da rana yakan wuce digiri 40, ga kuma laimar teku wadda take sa gumi ya ƙi bushewa a jiki. Hukumomin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da kansu sun haramta wa leburori aiki a fili daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00 na rana, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba na kowace shekara. Wurin da doka ta hana ƙato majiyi ƙarfi tsayuwa a rana, nan ne muke kai yaro ɗan shekara biyar yawon buɗe ido. Sakamakon haka kowa ya san shi: daga ɗakin otal mai sanyi zuwa mota mai sanyi zuwa kanti mai sanyi. A hau dogon benen nan na Burj Khalifa mai tsawon mita 828 a ɗauki hoto, a sauko a koma kanti. Hutun sai ya rikiɗe ya zama cin kasuwa, uwargida tana zaɓen abaya da gwal, maigida yana lissafi a zuci, yara kuwa suna latsa wayar da a gida ma ita suke latsawa.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Otal-otal na Dubai suna karya farashi a bazara, abinci na halal ne, masallaci yana ko'ina, mace tana tafiya da dare ba fargaba, lantarki ba ya ɗaukewa, kuma mutumin da ya fito daga ƙasar da komai sai an sha wuya yana da haƙƙin ya so wurin da komai yake tafiya daidai. Ban musa ba. Amma arahar da ake gani ta bazara, dalilinta shi ne waɗanda suka san garin sun gudu daga cikinsa. Wanda yake son Dubai tsakani da Allah, ya je a Disamba ko Janairu, lokacin da zafin rana yake kusan digiri 25, yara su shiga sahara, su hau kwale-kwale, su yi wasa a bakin ruwa. Kuma kada mu manta da abin da ya faru a Oktoban 2022, lokacin da ƙasar ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza, jirgin Emirates ya daina zuwa, ba a sake buɗe ƙofa ba sai a 2024. Shekara biyu ke nan muna tsaye a bakin ƙofar da aka rufe mana, kamar duniya ba ta da wata ƙofar.

Sannan ga batun kuɗi, wanda ya sauya lissafin kowa. Kafin Yunin 2023 dalar Amurka ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati; a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Tafiyar da za ta ci dala 5,000, wadda a da naira miliyan 2.3 ce a wancan farashi, ta koma miliyan 7.5, albashi kuwa bai yi irin wannan tsalle ba. Kuɗin da ya kai na makarantar yara na shekara guda bai kamata a kashe shi don kawai a ce gidan wane ma sun fita ba. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

To, ina za a je? Ni dai a nawa ra'ayin, kalanda ake fara tambaya kafin taswira. Idan dogon hutun Yuli zuwa Satumba ne kaɗai mutum yake da shi, sai ya nemi inda wannan lokaci yake da sauƙi. Tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya yana kudu da tsakiyar duniya, saboda haka lokacin da Larabawan Tekun Fasha suke ƙonewa, su suna cikin sanyinsu na rani: ruwan sama mai yawa ya wuce tun Mayu, zafi bai cika kai digiri 30 ba, ga iskar teku. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, ana jin kiran salla a tsohon garinsu na dutse, yaro zai ga itacen kanumfari da na kirfa a gona, ya ga kasuwar da aka sayar da bayi har zuwa 1873. Sai dai mai iyali ya yi tambaya sosai kafin ya kama otal, domin wasu na bakin tekun an gina su ne don Turawa, da giyarsu da irin shigarsu, kuma sauro yana nan kamar na gida.

Amma inda zuciyata ta fi karkata shi ne Maroko, musamman garuruwan bakin Tekun Atilantika irin su Tanja da Sawira, inda a tsakiyar Agusta ma mutum yakan nemi riga mai ɗan kauri da yamma. Dalilina ya wuce iska. Maroko ƙasa ce da muke da tsohon zumunci da ita, wanda 'ya'yanmu ba su sani ba. Fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa, ayari ya ƙetara sahara da ita, ita ce Turawa suka riƙa saye suna kiranta fatar Maroko. Yaron da ya taɓa leƙa karofin Ƙofar Mata a Kano, idan ya tsaya a saman majemar birnin Fas ya ga ramukan rini jere, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A Fas ɗin ne masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda wata baiwar Allah, Fatima al-Fihriyya, ta assasa a shekarar 859, kuma har yau ana karatu a cikinsa. Wannan labari ne da ya kamata kowace ɗiya mace ta ji shi tana tsaye a ƙofar wurin. A nan ne kuma kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake, wanda ya rasu a 1815, ga masu sha'awar ziyara. A Marrakish kuwa aka tsare Ahmad Baba, babban malamin Timbuktu, bayan da rundunar Maroko ta rusa daular Songhai a 1591, abin da yake tuna mana cewa zumuncin nan yana da nasa tabon. Gaskiya ne Fas da Marrakish suna da zafi a Agusta, don haka a yada zango a bakin teku, a shiga can na kwana biyu, a fita yawo da sanyin safiya. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya da aka buɗe a 2018 yana haɗa Tanja da Kasabalanka cikin awa biyu da 'yan mintuna, kuma hawansa kaɗai abin labari ne ga yaron da bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Turancin Ingilishi bai cika aiki a kasuwanninsu ba, sai Larabci da Faransanci; ga ranar da kuɗin Islamiyya zai nuna amfaninsa.

Masar kuwa a bar ta sai hutun Disamba. Daga Kano zuwa Alƙahira bai kai tafiyar awa biyar a sama ba, ga Azhar mai shekara fiye da dubu, inda ɗaliban Barno suka daɗe da samun masaukinsu, ga dalolin Giza, ga sabon gidan tarihin da aka buɗe kusa da su a Nuwamban 2025. Amma wanda ya kai yara Luksor ko Aswan a watan Agusta, Dubai ya sake maimaitawa, ba tare da sanyin kanti ba. Hutun Disamba gajere ne, tikiti kuma yana tsada, na sani. Kwana takwas masu daɗi sun ishi yaro.

Akwai kuma wanda neman biza ya gajiyar. Fasfonmu na ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma yana shigar da mu Sanagal da Gambiya da Ghana ba tare da mun yi layi a ofishin jakadancin kowa ba. A zangon Kumasi ko Nima ta birnin Akara, yaro zai ji ana ciniki da harshen uwarsa a ƙasar da ba tasa ba. Can ma damina ake yi a tsakiyar shekara, don haka ƙarshen shekara ya fi dacewa.

Saura magana ɗaya wadda ba a cika yi a fili ba. Wa ake tambaya kafin a yanke shawara? A gidaje da yawa maigida ne yake dawowa da tikiti a aljihu ya ce a haɗa kaya. Daga nan sai a kama gidan haya mai ɗakin girki don a rage kashe kuɗi, a cika akwati da garin tuwo da kuka da yaji, uwargida ta tashi daga murhun Kano ta koma murhun wata ƙasa, ta yi wanka wa yara, ta yi wanki, ta dawo gida a gajiye fiye da yadda ta tafi. Wannan hutun maigida ne da yara. Gara a rage kwanaki a kama otal mai ba da abinci, ita ma a ɗora mata faranti a gabanta ta ci ba tare da ta san wanda ya dafa ba. Mai mata biyu kuwa ya san lissafinsa daban ne, domin idan aljihu bai iya ɗaukar gida biyu a tafiya ɗaya ba, wajibi ne a san ta bana da ta baɗi tun kafin a je wurin mai tikiti, kuma a faɗa a gaban kowa. Sannan a duba fasfon kowane yaro ko yana da sauran wata shida, a nemi katin rigakafin shawara, kada kuma a biya kuɗin otal da ba a mayarwa sai biza ta fito.