Garkar unguwa da ƴaƴanmu

Bayan farin 1984, shugaba Seyni Kunce ya matsa wa talakawa su kama noman rani, garake suka yawaita. Yaran da suka ja guga a lokacin, yau su ne alhazai da ma'aikata, ƴaƴansu kuwa a kasuwa kaɗai suka san albasar Galmi. Don haka masu sa kai da ke tara yara a garkar unguwa ranar Lahadi sun cancanci yabo. A can yaro ke koyon yafa iri da dashe, da dalilin tsai da ban ruwa kafin a cire albasa, kada ta ruɓe cikin rudu. Awaki da rushewar rijiya ke kashe garaken nan. Kuɗin waya da siminti, ɗan kasuwa guda a Maraɗi ko Damagaram ya isa ya biya su.