'Yan Zango, Mu Faɗa wa Likita Gaskiyar Numfashinmu!

'Yan'uwa na Nima, Maamobi da Kawukudi, hunturu ya ƙarato! Ƙura za ta taso. Hayaƙin gawayi, na maganin sauro da na motoci zai cika mana ɗaki. Mai fuka zai kwana zaune, mai yawan atishawa zai wuni da toshewar hanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fuka, wato asma, ta kashe mutum 455,000 a 2019. Wannan ba ciwon wasa ba ne!

Amma me muke cewa in likita ya tambaye mu? "Da sauƙi." Kunya da kawaici sun ɓoye ciwon, likita ya rubuta maganin da bai isa ba.

Shi ya sa masana suka tsara takardun tambayoyi. Akwai ACT da ta fito daga Amurka a 2004: tambaya 5 kan makonni 4 da suka wuce. Makin da bai wuce 19 cikin 25 ba, alama ce ba a shawo kan ciwon ba. Akwai CARAT daga Fotugal: tambaya 10, ta haɗa hanci da ƙirji, domin hanyar iska ɗaya ce.

Sai dai mudun wata kasuwa ba a auna da shi sai an gwada. Dole a mayar da tambayoyin zuwa Hausarmu, a karanta wa tsohuwa da ɗan makaranta, a kwatanta amsa da gwajin huhu. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da mu!

To, mu tashi!

Iyaye mata, ku ƙirga dararen da tari ya tada yaro. Ku ƙirga sau nawa ya shaƙi magani. Ku rubuta!

Matasa masu boko, ku raka tsofaffi Asibitin Maamobi, Asibitin 37 ko Korle Bu. Ku fassara daidai, kada ku amsa a madadinsu!

Malamai da sarakunan Zango, ku sanar a masallaci da wajen suna. In ma'aikatan lafiya sun zo gwajin takardar, a ji bayaninsu, a ba su haɗin kai.

Wanda bai gane tambaya ba, ya ce bai gane ba. Da haka ake gyara ta.

Ku ƙirga! Ku rubuta! Ku faɗi gaskiya! Ku fara daren yau!