Ubannin da Suka Sa Kaki

Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara Najeriya ke tunawa da sojojinta da suka riga mu gidan gaskiya, domin a ranar ce aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Ana ajiye furanni a Abuja, a saki tantabaru, a watse. Amma a gidaje da yawa marigayin uba ne, wanda ya bar hoto sanye da kaki da lambobin yabo a ƙasan akwati.

Wasu ubannin nan sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, lokacin da Hausa ce harshen bariki. Barikin Chindit na Zariya da na Arakan a Legas duk daga can suka samo suna, amma matasa nawa suka sani? Wasu kuma dakarun ECOMOG ne da aka tura Laberiya a 1990, daga baya Saliyo, kuma ba duka suka dawo ba.

Muna kira ga 'ya'yansu: bayan addu'a da sadaka, ku zauna da iyaye mata da abokan aikin mahaifinku da suka rage, ku rubuta lambarsa, bataliyarsa da wuraren da ya yi aiki, jikoki su gada. Hukumomi kuwa su biya iyalan mamata haƙƙinsu a kan lokaci. Bai dace matar soja da ta gama takaba ta shiga zarya tsakanin ofisoshi tana neman abin da mijinta ya bari ba.