Kifin Bazara da Lissafin 'Yan Kasuwar Abatuwa

Jos ba ta da teku, amma farashin kifi a Abatuwa yana bin cika da janyewar ruwa. A watannin Maris da Afrilu kogin Binuwai kan ja baya, tarwaɗa da karfasa su taru a gurbi, masuntan Ibi su yi ta kamu da taru da birgi, kaya ya yi araha. Da ruwa ya cika a Agusta, kifi ya bazu cikin fadamu, kamu ya ragu, farashi ya tashi.

Don haka ya kamata mai jari ya sayi banda da bazara, ya adana ta inda ƙwari ba za su taɓa ba. Sai dai ya guji 'ya'yan kifin da raga mai ƙananan ido ta kwaso, domin wanda ya saye su bana, jarinsa na baɗi ya cinye.