Mutanen Rabah Nawa Ne? A Zo A Ƙidaya Mu

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan garinmu Rabah, da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk shekara in 15 ga Janairu ta zagayo, sai ka ji sunan Rabah a rediyo. A ce nan aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, a yi masa addu'a, a yaba, shi ke nan sai kuma baɗi. To madalla, ba mu ƙi ba. Gaskiya ne ɗan garinga ne. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, kakansa kuwa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877. Shi kansa Sardauna ya riƙe Rabah daga 1934 har 1938, lokacin da aka naɗa shi Sardauna aka tura shi Gusau. Ahmadu Rabah ake ce masa kafin duniya ta san shi. Amma jama'a, Rabah ba ta mutu a 1966 ba. Akwai mutane a cikinta yau, suna noma, suna kiwo, suna kasuwa, suna haihuwa. Tambayata ita ce, su nawa ne?

Lissafin da hukuma ke riƙe da shi na ƙidayar 2006 ne: mutum 149,165 a ƙaramar hukumar Rabah baki ɗaya, a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 2,433. Yarinyar da aka haifa ranar da aka shafa mana tawada a babban yatsa, yau tana ɗakinta da goyo. Tun daga ran nan ba a sake ƙidaya ba. An sa ranar wata a 2023, aka horar da ma'aikata, aka kashe kuɗi, ana saura kwanaki kaɗan sai aka ɗage.

Ko ita ta 2006 ɗin ina da magana a kanta. A watan Maris aka yi ta, tsakiyar rani. Wanda duk ya san ƙasar Sakkwato ya san inda samarinmu suke a watan Maris: sun tafi cin rani, wasu Kano, wasu Kaduna, wasu har Ikko da Ibadan, suna ga-ruwa, suna dako, suna yankan farce. Ƙa'idar kuwa inda aka iske ka nan ake rubuta ka. Gidanmu kaɗai, ƙannena biyu a Kudu aka ƙidaya su. Da damina ta faɗi suka dawo, a rijiyarmu suke sha, a asibitinmu ake duba matansu, amma a takarda na wani gari ne. Ga kuma waɗanda suka ɓoye iyali da gangan. Wannan laifinmu ne, kada mu ɗora wa kowa. Tsofaffi sun saba tun zamanin En'e cewa in aka ga mai unguwa da malamin haraji suna bin gida-gida da littafi, to kuɗi za a biya. Tsoron nan bai fita ba har yau, alhali yanzu abin ya juya. Kason da ake raba wa ƙananan hukumomi daga Abuja, yawan jama'a na cikin abin da ake dubawa. Haka azuzuwan makaranta, haka allurar rigakafi, haka takin zamani. Wanda ya ɓoye 'ya'yansa biyar, rabonsu ya zubar, ba wayo ya yi ba.

Amma abin da ya fi damuna, Malam Edita, shi ne ƙauyukanmu na gabas.

Bari in ɗan koma baya. Rabah ba haka kawai aka kafa ta a bakin gulbin Sakkwato ba. Ribaɗi ce, wato garin tsaro, cikin waɗanda aka kafa a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello don tsare iyaka, kamar Gandi, kamar Wurno inda shi kansa ya zauna, kuma nan kabarinsa yake tun 1837. Dabararsa ita ce kada a bar iyaka ba kowa. A zaunar da mutane, a ba su gona, a sa musu malami da shugaba, su yi noma su yi karatu, su kuma zama garkuwa ga na bayansu. Ƙasar da ke da mutane ba ta zama maɓoyar ɓarayi. Yau fa? A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka faɗa wa Tabanni a gundumar Gandi, suka kashe mutum sama da 30, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka tsira suka kwararo Gandi da abin da hannu ya iya ɗauka. A 2019 aka sake afka wa wasu ƙauyukan. Daga nan mutane suka yi ta tashi, wasu Gandi, wasu Rabah, wasu cikin birnin Sakkwato wajen dangi. Ni ɗan tireda ne, ba sai an gaya mini ba. Na san waɗanda da can kan zo ran kasuwa da jaki biyu na gero su koma da gishiri da sabulu da atamfar amarya, yau mudu ɗaya suke nema bashi.

To ran da aka tashi ƙidaya, ina za a rubuta waɗannan bayin Allah? In an bi ƙa'idar da, za a rubuta su inda suke gudun hijira, ƙauyensu kuma a ja masa layi a ce ba kowa. Ƙauyen da takarda ta ce ba kowa, wa zai kai masa rijiya ko makaranta, balle ofishin 'yan sanda? Ka ga an gama wa ɓarayi aikinsu ke nan da alƙalami.

Kada kuma a ce ƙasar ce ba ta da amfani. Muna da fadama, muna da tudu. Albasa, shinkafa, tafarnuwa, gero, dawa, wake, ga dabbobi. Ko da yake tun da aka datse gulbi a Bakolori a 1978 ruwan da kan malale fadamunmu ya ragu, masunta ma sun ji a jikinsu, har yanzu ƙasar na ciyar da mai ita in an bar shi ya je gona lafiya. Kuma duka-duka tsakaninmu da fadar Sarkin Musulmi kimanin mil 20 ne. Ba a bayan duniya muke ba.

Don haka ina kira ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, in Allah ya kawo ranar, kada a sake yi mana ita da rani. A sa ta bayan kaka, kafin samari su watse, kamar yadda aka yi ta 1991 a watan Nuwamba. A kuma tambayi kowane ɗan gudun hijira sunan ƙauyensa na asali a rubuta. Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, kada ku jira Abuja. Kowane mai unguwa ya san gidajensa, ya san wanda ya tashi da inda ya koma. A sayi littafi a rubuta tun yanzu, gida-gida, a ajiye a ofishin hakimi. Ɗan majalisarmu na Wurno da Rabah, da Sanatan Sakkwato ta Gabas, su ɗauki wannan littafi su je da shi inda ake rabo. 'Yan'uwanmu na Goronyo da Isa da Sabon Birni, ciwonmu ɗaya, ku ma ku rubuto mu ji.

Ku kuma 'yan'uwana talakawa, in masu ƙidaya sun yi sallama a ƙofar gida, a fito da kowa, har jinjirin da ba a yi wa suna ba.



Naku,
Wani ɗan tireda,
Bakin Kasuwa, Rabah,
Jihar Sakkwato.