Bututun Maroko: A Fara Yi Mana Lissafin Na Farko

Jama'a, ranar 16 ga watan Yuni na 2023 manya suka taru a Abuja, aka sa hannu, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, ƙasarmu Benin ta shiga sahun masu goyon bayan shimfiɗa bututun iskar gas daga Nijeriya zuwa Maroko. Mu a nan Zongon Kwatano a rediyo muka tsinci labarin, kamar yadda muke tsintar labarin ƙwallon Turai. An ce tsawonsa ya haura kilomita 5,600, zai ratsa ƙasashe 13, zai ci dalar Amurka miliyan dubu 25. To, madalla. Amma wanda aka ba jari bai kawo lissafi ba, ba a ƙara masa wani, mu kuwa akwai tsohon bututu kwance cikin teku a bakin ƙofarmu wanda har yau ba a zauna an yi wa talaka lissafinsa ba.

Dattawanmu ba su manta ba. A nan Kwatano, cikin watan Agusta na 1999, zamanin Janar Mathieu Kerekou, aka ƙulla maganar bututun gas na Afirka ta Yamma tsakanin Nijeriya da Benin da Togo da Gana. A 2003 shugabanni suka sa hannu a Dakar, a 2005 aka soma aiki. Kilomita 678 ne, daga yankin Ikko ya faɗa teku, ya ba da reshe a Kwatano da Lome da Tema, ya tsaya a Takoradi. A kamfanin da ya mallake shi Chevron na da wajen kashi 37 cikin 100, NNPC wajen 25, Shell wajen 18. Kamfanin BenGaz na wajenmu kashi 2 tak! Mai kashi 2 kuwa ko a cinikin saniya shaida ne kawai, ba shi ke sallamawa ba.

Da me aka yi mana romon baka? Da wutar lantarki mai araha wadda ba ta ɗaukewa. Sai ga shi a watan Agusta na 2012 wani jirgin ruwa ya ja ƙugiyarsa ya yanke bututun kusa da Lome, iskar ta ɗauke kusan shekara guda. Ko lokacin da yake lafiya, abin da Nijeriya ke turowa ya sha gazawa, mafi yawansa kuma Gana ya nufa. Tashar lantarki ta farko da aka gina a Maria-Gleta zamanin Boni Yayi, mai ƙarfin megawat 80, don wannan iskar aka yi ta. Da iskar ba ta samu yadda ake so ba sai aka koma ba ta irin man da jirgin sama ke sha, tsada ta hana ta yin aikin kirki. A 2019, shekarar da aka buɗe tasha ta biyu mai megawat 127, gwamnatin Patrice Talon ta sa hannu da kamfanin Total na Faransa don a riƙa kawo gas ta jirgin ruwa. Ku duba fa, ga bututu a ƙofar gida, ga mu muna cigiyar gas a ƙetaren teku. Hausawa dai sun ce tusa ba ta hura wuta.

Bari mu warware wani ruɗani, don mun ji mata a Dantokpa suna murna wai tukunyar gas za ta yi sauƙi. Iskar da ke bin waɗannan bututai ta tashoshin lantarki da manyan masana'antu ce, ba ita ake ɗurawa a tukunyar girki ba. Mai tuwo da mai tsire suna nan da gawayinsu.

To me ya sa hukuma ke rawar jiki da na biyu? Dalili na farko Abuja ce. Ba ma buƙatar malami ya karanta mana wannan, a aljihunmu muka karanta. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Muhammadu Buhari ya garƙame iyakar Seme saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, Kwatano ta yi tsit. Ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, kafin mako ya zagayo kwalbar kpayo ta yi tashin gwauron zabo, 'yan kabu-kabu suka ƙara kuɗi. Wani kaso na wutar da muke kunnawa daga Nijeriya yake zuwa, kuma mun ga yadda ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023. Ranar 7 ga Disambar 2025, da wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki a nan, jiragen yaƙin Nijeriya aka kira. Wanda ke riƙe da wutarka da kasuwarka da kujerarka, in ya miƙo maka alƙalami, yaya za ka ce bari ka yi shawara?

Dalili na biyu rigima ce wadda ba tamu ba. Maroko da Aljeriya sun daɗe ba sa ga maciji saboda yankin Yammacin Sahara. A Agustan 2021 Aljeriya ta yanke hulɗa da Maroko, a ƙarshen Oktoba ta daina tura gas ta bututun da ke ratsa Maroko zuwa Sifen. Aljeriya na da nata shirin, bututu mai kilomita 4,128 daga Nijeriya ta Nijar, wanda aka sa wa hannu a 2009 aka sake tayar da shi a 2022, shekarar da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa Turawa neman gas ido rufe. Nijeriya kuwa budurwa ce mai samari biyu, ta karɓi toshin Sarki Muhammadu na Shida tun ziyararsa Abuja a Disambar 2016, ba ta kuma mayar da na Aljeriya ba. Mu ba amarya ba ne, ba ango ba, hanya ce kawai ta biyo ta ƙofar gidanmu.

Ana cewa wai bututu zumunci ne, ƙasashen da ƙarfe ya haɗa ba sa faɗa. Wannan magana a faɗa wa wanda bai ga 2024 ba. Ga bututun ɗanyen mai na kusan kilomita 2,000 da kamfanin CNPC na Sin ya gina daga Agadem zuwa Seme-Kpodji. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 Benin ta bi umarnin CEDEAO ta rufe Malanbil. Da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 Janar Tiani ya ƙi buɗe nasa ɓangaren. A watan Mayu Talon ya hana lodin man, Sinawa suka shiga tsakani, a Yuni aka kama 'yan Nijar 5 a tashar Seme, Yamai ta rufe famfo. Zuwa Agusta mai ya ci gaba da gudu, domin akwai kuɗin manya a ciki. Gada kuwa ta ci gaba da zama a toshe, mai albasa da mai rago suna biyan kwale-kwale tsakanin Gaya da Malanbil, direbobinmu suna zagayawa ta Togo da Burkina da ransu a hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ci mana rai, a 2019 aka ba wa wancan bututu izinin ratsa ƙasar nan daga arewa har teku, a ƙarshen shekarar kuma aka haramta wa shanun maƙwabta shigowa kiwo.

A cikin gida ma wa ya isa ya yi tambaya? Majalisar da aka zaɓa a Afrilun 2019, kujeru 83 duka na jam'iyyu biyu ne masu goyon bayan shugaban ƙasa. Majalisar da ba mai cewa a'a ba ta bin diddigin takarda.

Kada a juya mana magana, ba mu ƙi gas ba. Mai niƙa da tela da mai sayar da ƙanƙara a Zongo sun fi kowane minista son wuta tsayayya. Abin da muka ƙi shi ne sa hannu a duhu. A fito da abin da aka sa wa hannu a Abuja a kai shi gaban majalisa a Porto-Novo, a karanta shi a rediyo da Hausa da Fulatanci da Dandanci da Fon. A gaya mana gas nawa zai tsaya a Benin, a kan wane farashi, da wanda ke riƙe da makullin famfo ranar da Abuja ta yi fushi. Inda kuma bututu zai taka ƙasa, a auna gona da burtali da wurin masunta, a biya kafin a haƙa. Mutanen yankin Badagiri, ga su nan bayan Seme, sai da suka kai kuka Bankin Duniya a 2006 a kan diyyar filayen da bututun farko ya cinye musu, kwamitin binciken bankin kuma ya tabbatar a 2008 cewa abin da aka biya su ya yi ƙasa ƙwarai da darajar filayen. Muna roƙon wakilanmu na majalisa su nemo wannan rahoto su karanta kafin a sake miƙo musu wata takarda.