Final Fantasy VII da Crisis Core: Wanne Ya Fi Labari, Wanne Ya Fi Daɗin Bugawa?

Yawancin masu buga gem a waya a nan Aliero, da Jega da Maiyama, sun san manhajar PPSSPP ne ta dalilin ƙwallo ko God of War. A cikin wasannin da manhajar ke ɗauka akwai wani mai suna Crisis Core, kuma duk wanda ya gama shi tambayarsa ɗaya ce: shin ya fi yayansa, Final Fantasy VII? Yau za mu ɗora su a sikeli. Sai dai ku sani, zan tona wasu sirrin labarin, domin ba a auna buhu a ɗaure.

Duka biyun 'yan gida ɗaya ne daga Japan, irin wasannin da mutum ke shiga rigar jarumi ya bi dogon labari, yana yaƙi yana ƙara ƙarfi. Kamfanin Square ya fitar da Final Fantasy VII a 1997 a kan PlayStation ta farko, cikin faifai 3, ƙarƙashin jagorancin Yoshinori Kitase. Crisis Core ya fito a 2007 a kan PSP, bayan kamfanin ya koma Square Enix, Hajime Tabata ne ya jagorance shi. Ƙanen ne a haihuwa, amma labarinsa ya fara shekara 7 kafin na yayan.

Mu fara da labari. A Final Fantasy VII, wani ƙaton kamfani mai suna Shinra yana zuƙe wani sinadari, Mako, daga cikin ƙasa yana mayar da shi wutar lantarki. Mako kuwa shi ne ran duniyar. Shi ya sa ƙasar da ke kewaye da birnin Midgar ta bushe ƙurmus, ko ciyawa ba ta fitowa. Ɗan Aliero ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan: gonar albasar da ake ci kowace shekara ba a mayar mata da taki, wata rana za ta daina bayarwa. Jarumin wasan, Cloud, sojan haya ne da ya shiga ƙungiyar AVALANCHE mai fasa tashoshin Shinra. Wasan bai wanke su tas ba, domin bam ɗinsu ya kashe waɗanda ba su ji ba su gani ba, kuma daga baya an tuna wa shugabansu Barret da hakan. Can tsakiyar tafiya kuma sai a gano cewa tarihin da Cloud ke bayarwa na kansa ba nasa ba ne. Bai taɓa zama babban sojan da yake iƙirari ba. Na wani ya ara ya yafa, har shi kansa ya yarda da ƙaryar.

Wannan "wani" shi ne Zack, jarumin Crisis Core. Yaro ne daga ƙauyen Gongaga da ya bar iyayensa ya tafi birni don ya zama gwarzo, kamar yadda samarinmu ke tafiya Legas ko Abuja neman na kansu. Labarinsa miƙaƙƙe ne: yana ganin manyan da yake koyi da su, Angeal da Sephiroth, suna rushewa ɗaya bayan ɗaya, yana gano cewa kamfanin da yake wa bauta kayan gwaji ya ɗauke su. Katafaren takobin da aka san Cloud da shi ma gado ne: daga Angeal zuwa Zack, daga Zack zuwa Cloud. Raunin labarin shi ne Genesis, mutumin da ba ya buɗe baki sai ya karanto baitin wata waƙa, har ya ishi mai kallo.

A zurfin labari, yayan ya yi gaba. Yana da mutane 9 da za ka iya tafiya da su, kowa da damuwarsa, kuma yana tambayarka abubuwa masu nauyi game da ƙasa da mulki da gaskiyar mutum. Crisis Core tambaya ɗaya ya riƙe: me ya rage wa mutum idan abin da ya dogara da shi ya ci amanarsa? Amma ya riƙe ta da kyau.

Sai salon bugawa. A Final Fantasy VII kana juya mutum uku a fagen yaƙi. Kowa yana da ma'aunin da ke cika a hankali, in ya cika sai ka zaɓa masa abin yi: sara, magani ko kariya. Daɗin yana cikin Materia, wasu duwatsu masu sheƙi da ake sakawa a ramukan makami. Idan ka haɗa dutsen warkarwa da wanda ke yaɗa aiki ga kowa, sai ka warkar da mutanenka uku a lokaci guda. Wasan lissafi ne, ya fi kusa da dara. A Crisis Core kuwa Zack kaɗai kake juyawa, kana gudu kana kaucewa kana sara nan take. A gefen allo akwai wasu faifai uku da ke juyawa da kansu, ana kiransu DMW, ɗauke da lambobi da fuskokin mutanen da Zack ya sani. In fuskoki suka dace sai ya yi wani babban hari, in 777 ta fito sai ya hau mataki. Matsalar ita ce ba kai ke tsayar da su ba, don haka wani lokaci nasarar ba ta hannunka ba ce. Ga kuma ƙananan ayyuka 300 na gefe, gajeru masu daɗin bugawa a ɗan lokaci, amma wuraren suna maimaita kansu.

To, a nan ne nake ganin masu gardamar "labari ko bugawa" suke kuskure, domin inda wasannin biyu suka fi ƙarfi shi ne inda abubuwan biyu suka zama ɗaya. A ƙarshen faifai na farko na Final Fantasy VII, Sephiroth ya kashe Aerith. Ita ce ta fi kowa iya warkarwa a tawagarka, ka ɓata sa'o'i kana ƙarfafa ta, sai ka buɗe jerin mutanenka ka ga babu ita, kuma ba za ta dawo ba. A yaƙi na gaba ne za ka ji rashin a hannunka. A Crisis Core, yaƙin ƙarshe na Zack da rundunar Shinra ba a cinsa ko yaya ka iya. Yayin da ƙarfinsa ke ƙarewa, faifan DMW ɗin nan da suka dame ka tun farko sai su fara lalacewa, fuskokin suna gogewa ɗaya-ɗaya, har ta Aerith ta rage ita kaɗai. Sai a lokacin za ka gane cewa tun farko tunanin Zack kake kallo yana juyawa. Fim ba zai iya yi maka wannan ba, littafi ma haka, domin kai ne ke riƙe da maɓallan.

Shawarata: in za ka buga duka biyun, fara da Final Fantasy VII, wanda akwai shi a Android da iPhone, domin Crisis Core yana bayyana asirin Cloud tun kafin lokaci. Amma ka sani doguwar tafiya ce, ta dace da babban hutu; ɗan aji shida da WAEC ko NECO ke gabansa ya ajiye ta tukuna. Crisis Core ya fi gajarta, kuma an sabunta shi a 2022 da sunan Reunion.

Abu na ƙarshe: tsohon Final Fantasy VII ba shi da murya, duk maganar a rubuce take da Turanci. Mai danna maɓalli da sauri don ya wuce rubutun ya zubar da rabin wasan. Ka ajiye littafi a gefe, duk kalmar da ta shige maka duhu ka rubuta ka duba ƙamus. In kun gama, ku gwada abin da malamin adabi ke sa ku yi a aji: wane ne jarumi, me yake so, me ya tare masa hanya, kuma me ya rasa kafin ya samu?

Ku rubuto mana wanda kuka fi so da dalilinku, tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.